Jagorar Jin Ɗumi a Hunturu: Zaɓen Makamashi da Tanadin Madadinsa

Duk shekara, da zarar an gama kai amfanin gona gida, iskar arewa maso gabas ta taso da hazonta, leɓɓa da dugadugai suka fara tsagewa, sai ka tarar mutanenmu na Bagega da ƙauyukan da ke kewaye da ita, har ya zuwa ƙasar Bukkuyum da ta Gummi, sun sake komawa ga kuskuren da suka yi bara, watau a cika kasko da garwashi, a shigar da shi ɗaki, a toshe taga da tsumma, a ja ƙyaure, a kwanta barci. Da yake sana'ata ginin murhu ce da gadon ƙasa da ƙirar kurfoti, kuma galibin masu zuwa wurina samari ne sababbin aure waɗanda yanzu ne nauyin gida ya hau kansu, na lura tambayarsu ɗaya ce kullum, wane makamashi ne ya fi zafi kuma ya fi araha, alhali kuwa mas'alolin da suka fi wannan nauyi, watau a ina za a hura wutar, yaushe za a fitar da ita, da me kuma za a dogara ran da aka wayi gari babu abin hurawa, ba mai tambayarsu. Saboda haka na ga ya wajaba in rubuta abin da na sani daki-daki, ko Allah ya sa a amfana.

Sanyinmu ɗari ne busasshe na dare, wanda ke tsananta daga watan Disamba zuwa farkon Fabrairu, ma'aunin zafi yakan sauko ƙasa da daraja 15 gabanin asuba, sa'an nan da hantsi ya ɗaga rana ta kore shi har mutum ya nemi inuwa. Ke nan bukatar wuta ba ta wuce lokuta biyu ba, daga isha'i zuwa kwanciya, da kuma daga asuba zuwa hantsi. Tsakaninsu aikin bargo ne da bango, kuma galibin musibun da ke aukuwa sun samo asali ne daga ɗora wa wuta aikin tsakiyar dare.

Kayan da za a tanada

Kurfoti ko kasko mai kauri, mai faɗin gindi wanda yaro ba zai ture shi da sauƙi ba, kuma wanda ba a taɓa yin wani aikin zinari a cikinsa ba.
Awartaki da ɗan cebur na ɗiban garwashi.
Bokitin ƙarfe mai murfi domin toka, saboda toka takan ɓoye wuta har ta kwana ta yini, kuma gobara da yawa daga juji take tashi.
Bokitin yashi da tulun ruwa a bakin ƙofa.
Babbar fulas, da ƙaramar jarka mai murfin da ba ya yoyo.
Gwado ko bargo ga kowa, da hula da safa ga yara da tsofaffi.
Asabari ko labule mai kauri, da tocila, don kada a kwana da kyandir ko aci-bal-bal.

Mataki na 1: gyaran ɗaki da shimfiɗa

Wanda ya hura wuta a ɗakin da iska ke shiga ta ƙarƙashin kwano tana fita ta ƙofa, daidai yake da mai ɗiban ruwa da kwando. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango da rufin soro, irin shigifar da kakanninmu suka gina, yana shan zafin rana da yini ya riƙe, sa'an nan ya riƙa sakinsa a hankali cikin dare, shi ya sa tsoho mai kwana a cikinsa yakan wadatu da gwado guda. Ɗakin bulo mai rufin kwano ba silin kuwa, wanda samari suka fi so yanzu, yana zubar da zafinsa da zarar rana ta faɗi. Maganinsa a yi masa silin ko da na tabarma ne, a yaɓe tsagar bango, a rataya asabari a ƙofa, a ɗaga shimfiɗa daga ƙasa ko a ninka tabarmi, domin daɓe yana tsotse ɗumin jikin mai kwance fiye da yadda iska ke yi.

Amma mu a wannan ƙasa akwai sharaɗin da ya hau kanmu wanda bai hau kan mutanen Kano ko Katsina ba. Babu wanda ya manta da musibar da ta bayyana a 2010, sa'ad da gubar dalma da ke cikin dutsen zinari ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, ita kanta Bagega ba a kwashe gurɓatacciyar ƙasarta ba sai a 2013. Gubar nan cikin ƙura take tafiya, hunturu kuwa lokacin ƙura ne, kuma lokacin da yara suka fi daɗewa a ɗaki suna rarrafe suna kai hannu baki. Don haka kada a toshe kafar bango ko taga da buhun da aka ɗauko dutse a cikinsa, kada kuma a shimfiɗa shi ƙarƙashin tabarma. Kada a ɗebo ƙasa daga wurin niƙan dutse ko wankinsa domin yaɓe ko ginin murhu. Abin da ya fi damuna shi ne wanda ake yi da kyakkyawar niyya: uba ya dawo daga haƙa da dare, ya tarar ɗansa ya duƙunƙune don ɗari, ya tuɓe rigar aikinsa mai kauri ya lulluɓe shi da ita, yaro ya kwana yana shaƙar ƙurar da ke cikin zaren rigar. Kayan aiki su tsaya a waje, a yi wanka kafin a shiga wurin iyali, ɗaki kuma a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara a bushe.

Mataki na 2: auna makamashi da juna

Kuskuren mai saye shi ne ya dubi girman ɗauri ko cikar buhu. Masana sun auna zafin da ke cikin kowane makamashi, kuma idan aka ɗauki kilo guda na busasshen itace a matsayin ma'auni, kilon gawayi yana ba da kusan ninki biyu, litar kalanzir tana ba da ninki biyu da ɗoriya, kilon gas kuma kimanin ninki uku. Da wannan kowa zai iya kwatanta farashin kasuwarsa ta wannan mako. Sai dai zafin da ke cikin makamashi daban, wanda ya isa tukunya daban: murhun duwatsu uku ba ya kai wa tukunya fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, sauran iska ce ke kwashewa, alhali murhun gas yana kai fiye da rabi. Shi ya sa wajen dafa ruwan alwala da na wanka kilon gas ɗaya ke tsayawa a madadin itace fiye da kilo 10.

Itace shi ne abin da muka fi sani, kuma shi ne aka fi yi wa gafala. Ɗanyen itace kusan rabinsa ruwa ne, wutar da aka hura da shi tana ƙarar da ƙarfinta wajen busar da shi, abin da ke isa ga mutane hayaƙi ne kawai. Ana gane busasshe ta hanyar buga faskare biyu da juna: in ya bushe ƙararsa a sarari take, bakinsa kuma ya tsattsage, ɗanye kuwa ƙararsa a dushe take, in an sa shi a wuta sai ka ga kumfa na fita ta ɗaya bakin. Marke da ƙirya da bagaruwa da aduwa su ne masu garwashi mai daɗewa, su suka dace da hirar dare. Sabara da geza da kalgo suna kamawa da sauri su mutu da sauri, sun dace da ruwan asuba. Kuka ba ta da wani amfani a wuta, tumfafiya da tinya da aguwa kuwa a nisance su, saboda ruwansu da hayaƙinsu suna cutar da ido. Haka nan a bar al'adar kunna wuta da leda ko yankin roba ko tsohon takalmi, ƙirare da busasshiyar ciyawa sun isa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida yana kashe mutane kimanin miliyan 3 a duniya kowace shekara, kuma yara da yawa da ake cewa sanyi ya kama musu haƙarƙari, haƙiƙa hayaƙin da aka tara musu a ɗaki don gudun sanyin yana da babban kaso a cikin ciwon.

Kara da kandilo kyauta suke ga manomi da makiyayi, amma kyautar tana da farashi, domin karan da aka ƙona an hana dabba da darni, kandilon da aka ƙona kuma an hana gona taki. Kara yana tashi bal-bal ya watsa tartsatsi, saboda haka wurinsa tsakar gida ne, nesa da zana da rumbu, kuma a daren da iska ta kwanta.

Gawayi ya fi kowane daɗin sha'ani, kuma ya fi kowane haɗari, don dalilin da zan bayyana a mataki na 5. Mai kyau yana da nauyi, yana ƙara in an buga shi, ba ya marmashewa a hannu. Ya kamata mai saye ya sani cewa kafin a sami kilo ɗaya a ramin gargajiya sai an ƙona itace kilo 5 zuwa 10, kuma ƙirya da kaɗanya, waɗanda ke ɗaukar shekaru masu yawa kafin su girma, su ne aka fi sarewa dominsa. Zuba shi a kasko har ya yi tozo domin mutum biyu su ji ɗumi almubazzaranci ne, tafi biyu ko uku sun wadatar.

Kalanzir, wanda a da shi ne na talaka, tun da aka janye masa tallafi a 2016 ya yi ta tashi har ya fi ƙarfin yawancin gidaje, kuma tsadarsa ta sa marasa tsoron Allah suna gauraya shi da fetur. In ka yi shakka, zuba cokali guda a murfin gwangwani, ka kai shi fili nesa da jarka, ka kusantar da ashana: kalanzir na gaskiya ba ya kamawa da sauƙi in babu lagwani, gaurayayye kuwa fau ɗaya yake tashi. Kada a ƙara wa risho mai alhali yana ci.

Gas shi ne mafi tsabta, illarsa nisan wurin cika shi, domin tukunya in ta ƙare sai an kai ta gari. Ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwantawa inda yara ke barci, saboda haka tukunya a tsaye take zama, a wuri mai iska, kuma duk sa'ad da aka sauya ta a shafa ruwan sabulu a tiyo da mahaɗa a duba kumfa. Harshen wuta shuɗi shi ne lafiyayye, in ya koma rawaya murhun yana bukatar gyara. Amfaninsa dafa ruwa ne da abinci, ba a kunna shi a bar shi don ɗumama ɗaki.

A ganina, abin da ya fi dacewa da matsakaicin gida a nan shi ne busasshen itace a murhu mai kewayen yumɓu domin girki da hirar dare, sa'an nan gas ga mai hali, ko ɗan gawayi ga marar hali, domin ruwan asuba.

Mataki na 3: lissafin lantarki kafin a sayi na'ura

Samarin da suka sami kuɗi sukan kafa sola, sa'an nan su sayo hita mai jan ƙarfe su jona, da safe su zo suna cewa an sayar musu da mataccen batir. Batirin lafiyarsa lau, lissafi ne ba a yi ba. Babban batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe da wutar da ta kai wat 2,400 na sa'a guda, kuma in irin mai dalma da ruwa ne, rabinta kaɗai ake iya ja ba tare da an lalata shi ba. Ƙaramar hitar ɗaki tana cin wat 1,000, ke nan cikin sa'a ɗaya da 'yan mintoci ta gama da shi. Bargon lantarki kuwa, wanda ba ya wuce wat 100, yana iya kai mutum asuba a kan wannan batirin, domin jiki yake ɗumamawa kai tsaye. Mafi alheri ma shi ne a dafa ruwa da rana tsaka, lokacin da faifan sola ke ba da wuta mai yawa, a zuba a fulas. Kuma tsohon batir cike yake da dalma, irin gubar da ta cuce mu, don haka kada a fasa shi a gida, kada a bar shi inda yara ke wasa, a mayar wa dillali.

Wasu sukan tambaye ni labarin na'urar da mutanen Turai suke ɗumama gidajensu da ita, wadda za a iya kira famfon zafi. Aikinta irin na firji ne: wanda ya taɓa bayan firji ya ji ɗumi ya riga ya ga asalinta, domin ba ta haifar da zafi, janyo shi take yi daga wani wuri ta kai wani wuri. A lokacin sanyi tana tatso ɗumin da ke cikin iskar waje ta turo shi ɗaki, kuma da wutar lantarki kashi ɗaya tana iya kawo zafi kashi uku. Ƙasashen Nowe da Suwidin da Finlan su ne kan gaba wajen amfani da ita, kuma da yake ƙarfinta yana raguwa idan sanyi ya wuce na daskarewar ruwa da nisa, sukan ajiye mata mataimaki, ko murhun itace, ko hita. Mu sanyinmu bai kai inda za ta gaza ba ko kusa, abin da zai kayar da ita a wurinmu rashin tsayayyar wuta ne da ƙurar hunturu mai toshe matatarta. Galibin na'urorin sanyaya ɗaki da ke kasuwanninmu ma sanyi kaɗai suke bayarwa, sai an nemi mai juyawa biyu musamman. Ga ɗakin haihuwa na asibiti mai isasshiyar sola tana da fa'ida. Ga gida kuwa, kuɗinta ya isa a yi silin a saya wa kowa bargo har a sami saura. Abin koyi daga waɗancan mutane shi ne ba su dogara ga hanya ɗaya.

Mataki na 4: tanadin madadi

Ƙa'idar madadi ita ce kada abin da zai hana ka na farko ya zama shi ne zai hana ka na biyu. Mai gas da ya ajiye kalanzir ko janareta a matsayin madadi bai yi tanadi ba, domin dukansu mota ce ke kawo su, ran da hanya ta rufe, kamar yadda muka sha gani a shekarun nan na rashin tsaro, tare za su yanke. Madadinsa ya zama abin da ke cikin gida: faskaren mako biyu a kan dakali ko gungume don gudun gara, da buhun gawayi a wuri busasshe. Mai itace kuma, tun da shiga daji mai nisa ya zama kasada ga rayuka, madadinsa ya fito daga gona. Manoman ƙasar Maraɗi tun shekarun 1980 suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani, watau maimakon a tumɓuke kututturen da ya toho a gona, sai a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sassabe sauran, ta haka itatuwa suka dawo a miliyoyin kadada na Nijar, kuma matansu suna samun itacen girki a bakin gona. Sabara da kalgon da ke gonakinmu za su karɓi wannan dabara.

Tanadin nan a yi shi tun da kaka, kafin farashi ya tashi, kuma a jibge shi nesa da rumbu da ɗakin kwana. Idan abin ya ƙaranta, a fifita jariri da tsoho da mai amosanin jini, wanda sanyi ke tayar masa da ciwo. Majinyacin da ya rasa abin ɗumama ruwa, yana kuma tsoron ruwan sanyi ya ƙara masa cuta, malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin rangwamen taimama gare shi, sai ya tambayi limaminsa.

Mataki na 5: shigar da wuta da fitar da ita

Nan ne ran al'amarin yake. Duk abin da ke ci da wuta a wurin da iska ba ta isa ba yana fitar da wata iskar guba da masana ke kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Itace yana da hayaƙin da zai kori mutum ya buɗe ƙofa, garwashin gawayi kuwa ja-wur yake, babu hayaƙi, mai ɗaki ya ɗauka ya nuna lafiya lau, alhali a lokacin ne yake cika ɗakin da guba, mutum ya ji jikinsa ya mutu barci mai daɗi ya ɗauke shi. Ya zo a cikin Bukhari da Muslim cewa wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina da dare, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da a riƙa kashe wuta idan za a kwanta, kuma wanda ya san halin wannan iska zai ƙara ganin hikimar umarnin.

Ga tsarin da nake koya wa kowa. A hura wutar a tsakar gida, a bar ta har baƙin gawayi ya ƙare. A shigar da kasko bayan isha'i, a ajiye shi a kan daɓe tsirara, taku biyu daga katifa da labule da gidan sauro, taga a buɗe, ƙofa a sassauce, kuma babban mutum yana zaune a farke. Rabin sa'a zuwa sa'a guda ya isa bango da shimfiɗa su ɗauki ɗumi. Sa'an nan a fitar da shi, a bar tagar 'yan mintoci iska ta sauya, a rufe garwashin da yashi ko a juye shi a bokiti mai murfi, bayan wannan ne kaɗai ake rufe ɗaki. Toshe kafofin da na ambata a mataki na 1 domin wannan lokacin ne, lokacin da babu wuta a ciki. Domin tsakiyar dare, a cika jarka da ruwan zafi wanda bai kai tafasa ba, a ɗaure murfin, a naɗe ta da zane, a sa wajen ƙafafu. Mai son gasa tubali ko dutse ya naɗe, to kada ya ɗauki dutsen ma'adini, kada kuma ya ɗauki jiƙaƙƙen dutsen rafi, wanda yakan fashe a wuta.

Janareta hukuncinsa ɗaya da gawayi, har ya fi: ba a ajiye shi a zaure ko ƙarƙashin taga don tsoron ɓarawo, sai a fili, mita 6 ko fiye daga ɗakin kwana. Masu ƙona zinari da zaiba kuma, waɗanda ɗari kan sa su shige ɗaki da aikin, su sani tururin zaiba ba a ganinsa, yana maƙalewa a bango da tufafi ya ci gaba da fita, yana lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda, kuma ɗan da ke ciki ya fi kowa cutuwa. Wannan aiki ba na cikin gida ba ne ko kaɗan, kaskon da aka yi shi a ciki kuma ya haramta ga ɗumi da girki.

Mataki na 6: gadon ƙasa da mai jego

Gadon ƙasa dabara ce mai kyau wadda aka gina ta a karkace, domin bakin wutarsa a cikin ɗaki yake, hayaƙi da guba duk a ciki suke tsayawa. Mutanen arewacin Sin da na Koriya suna da irinsa tun zamanin da, amma nasu hayaƙin yana bi ta ƙarƙashin gado ya fita waje ta bututu. Haka nake ginawa yanzu: bakin wuta ta bayan bango, rami ya ratsa ƙarƙashin gadon yana ɗan hawa sama, ya ƙare da bututun da ya zarce rufi, daɓen sama kuma kaurinsa ya kai faɗin tafin hannu don ya riƙe zafi ya raba shi daidai. Kafin a kwanta a kansa, kowace shekara, a ƙona ɗanyar ciyawa a bakin, a shiga ɗaki da tocila a bi gadon a duba, duk inda zaren hayaƙi ya fito a yaɓe shi.

Game da mai jego, ina roƙon iyayenmu mata su sassauta. Likitocin asibitin koyarwa na Zariya tun shekarun 1970 suka lura da yawan ciwon zuciya ga mata bayan haihuwa, suka danganta shi da haɗuwar abu uku, kwanciya a gado mai tsananin zafi, wankan tafasasshen ruwa, da yawan kunun kanwa. Ɗumin da tafin hannu zai iya daɗewa a kansa ya isa. Jariri kuma ba a kwantar da shi a kan gadon da aka hura, ƙirjin uwarsa da hula da zane sun fi masa. In ƙafafun mai jego suka kumbura, ko numfashi ya gagare ta in ta kwanta, a kai ta asibiti a ranar.

Mataki na 7: idan haɗari ya auku

Ƙuna ana zuba mata ruwa mai sanyi mai tsabta na tsawon minti 20, a cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, a rufe da tsabtataccen zane. Ba a shafa ƙwai, ko gishiri, ko man goge baki, ko baƙin mai. Wanda tufafinsa suka kama, a kayar da shi a lulluɓe shi da bargo, kada a bar shi ya ruga. Wutar kalanzir da fetur da yashi ake kashe ta, ruwa yaɗa ta yake yi.

Alamar iskar guba ita ce mutanen ɗaki guda su tashi tare da ciwon kai da jiri da tashin zuciya da mutuwar jiki, su ji sauƙi in sun fita waje. Sau da yawa akan ce zazzaɓi ne, ko a ce iska ce ta taɓa su, a mayar da su cikin ɗakin da ya cuce su a rufe ana tofi. Wanda ya tarar da haka ya buɗe ƙofa da taga, ya riƙe numfashinsa, ya jawo su fili, ya fara da yara da mai ciki. Wanda ya suma a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa madara ko manja, domin zai shaƙe. A nemi abin hawa zuwa asibiti mafi kusa, in da hali babban asibitin Anka, ko da mutum ya farfaɗo ya ce ya warke, kuma da isa a gaya wa ma'aikacin lafiya a fili cewa an kwana da gawayi ko janareta, domin ya nemi iskar numfashi ya sa musu, kada ya tsaya neman zazzaɓin cizon sauro.